Bangon da Bai Kai Rufi Ba

Duk wanda ya zo neman ɗaki a gidana na haya a Karaye yanzu, sai mun zauna mun yi magana tukuna, kuma maganar ba ta yi wa mutane daɗi. Ina tambayarsa daga ina yake, mece ce sana'arsa, wa ya san shi, su nawa za su kwana a ɗakin. Daga nan sai in zo kan wadda ta fi ɓata musu rai: me za ka ajiye a ciki? Wani ya taɓa miƙewa ya kaɗe rigarsa, ya ce shi ɗaki ya zo nema ba aure ba. Na ce masa ai gara ma auren, shi ana bincike kafin a ɗaura. 'Yan unguwa sun sa min suna mai gidan tambaya, ina jin su ina ƙyale su. Da ba haka nake ba. Akwai shekarar da ban tambayi wani mutum komai ba, ita ce ta mayar da ni haka.

Gidan gado ne, mahaifina ya bar min. Ginin ƙasa ne da rufin kwano, a bayan kasuwa, ɗakuna huɗu da shago ɗaya mai kallon hanya. Ni a wata unguwa nake zaune da iyalina, a lokacin ina koyarwa a firamare. Mahaifina mutum ne mai tsanani a kan gidan nan, har muna yi masa dariya a bayan idonsa. Kowace shekara, kafin ruwan farko, zai ɗauki sandarsa ya bi bango ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa yana kasa kunne, wai inda gara ta ci ƙararsa daban ce. Zai sa a yi yaɓe, a yashe kwata, a hau sama a bi ƙusoshin kwano, a leƙa masai. Baƙo kuwa ba ya samun makulli sai ya je gaban mai unguwa, sai kuma an samu wanda zai tsaya masa. Yakan ce ƙofa ɗaya kake ba ɗan haya, amma mutanen gidan gaba ɗaya kake damƙa masa. Ni dai ina jin wannan magana kamar yadda ake jin maganar tsofaffi, ta shiga ta nan ta fita ta can.

Abu ɗaya ne ya rasu bai gama ba. Shagon da ɗakin da ke bayansa asalinsu ɗaki ɗaya ne dogo, shi ya raba shi biyu da bango. Ginin ya kai har saman kan mutum, sai ciwo ya kwantar da shi, aka bar tazarar kamu guda tsakanin kan bangon da kwano. Babu silin. Wanda ke shago in ya yi tari, na ɗakin baya zai yi masa sannu. Ranar da muka dawo daga maƙabarta na ce da kaina wannan satin zan ƙarasa shi. Na faɗi haka a shekarar farko, na faɗa a ta biyu, daga baya na daina ma faɗa.

A ɗakin bayan nan wata tsohuwa ce ke zaune, kowa Iya yake ce mata. Tun ina zuwa makarantar allo take gidan. Mijinta ya rasu da daɗewa, 'yarta ɗaya tana aure a nesa, ita kuma ta ƙi bin ta, ta ce ba za ta je ta zama kaya a gidan suruki ba. Daddawa take yi, ta dafa kalwa ta rufe ta kwana uku ta daka, kuma duk Karaye an san tata. Ba ta taɓa kirana da sunana ba, ɗan nan take ce min har na yi furfura. In na zo zagayen gidan sai ta tsare ni da tsokana, wai ubana da sanda yake zuwa ni kuma da biro, ko biron ne zai kashe gara. Ita ce ma ta ba ni uzurin da nake fakewa da shi, don ta taɓa cewa in bar mata ɓular nan ta sama, iska na shigo mata da bazara, kuma ta nan take hira da telan da ke shagon. Na riƙe wannan magana gam, kamar wadda ta ba ni takarda.

Telan ya koma Kano da tsakiyar bazara, shagon ya zama babu kowa. Bai yi sati ba wani mutum ya yi min sallama a gida, dogo, fari, mai sanyin murya, ana ce masa Alhaji. Bayan mun gaisa ya ce daga Rogo yake, surukina ne ya turo shi. Wato mahaifin matata, wanda har yau ban taɓa haɗa ido da shi ba, wanda in na je gaishe shi tun daga bakin zaure nake cire takalmi in tsuguna. Ya aiko da saƙo cewa Alhaji nasa ne, ɗan hatsi ne, yana neman ɗan wuri a kusa da kasuwar Karaye, in ba shi.

To, wa zai tambayi mutumin surukinsa wa zai tsaya masa? Wanda ya fi kowa ya riga ya tsaya. Ban kai shi gaban mai unguwa ba. Ban ce masa zama za ka yi ko ajiya ba. Ban shiga da shi shagon na nuna masa saman bangon ba, ban ce masa akwai mai kwana a baya ba. Na sa aka kawo masa ruwan sanyi, na miƙa masa makulli da hannu biyu, har ina ba shi haƙuri wai wurin ƙarami ne. A raina na ƙaddara tabarma zai shimfiɗa ranar kasuwa ya riƙa awo.

Kwana biyu bayan nan wata babbar mota ta tsaya a ƙofar gidan, aka yi ta sauke buhunan wake har suka kusa taɓa kwano. A garinmu wannan ba abin kallo ba ne, kowa ya san 'yan hatsi kan ɓoye wake su jira damina ta yi nisa. Abin da na lura da shi kawai, Alhaji ya liƙe tagar shagon da takardar siminti da laka, ya cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa, ya sa kwaɗo babba. Na ce a raina mutumin nan akwai tsoron ɓera. Na wuce makaranta.

Zafi ya yi tsanani a shekarar. Duk mutanen gidan a tsakar gida suke kwana, Iya ma ta fito da tabarmarta da gidan sauronta gindin darbejiya. Ɗakinta sai da rana take leƙawa, ta ɗauko abu ta fito, ƙofa a buɗe.

Da na je zagaye bayan kamar kwana goma, na same ta cikin murna. Ta ce in taya ta godiya, ɓerayen da suka addabe ta shekara da shekaru duk sun mutu, da safe ta share guda biyar a bayan tukunya. Kyankyasai ma haka, sun juya ciki sama. Har tsaka ta faɗo daga bango ba ta motsi. Ta ce ko wani ya yi mata addu'a ce. Na leƙa ɗakin, wani wari ya bugi hancina, kamar tafarnuwa da ruɓaɓɓen kifi a haɗe. Na fito ina dariya na ce daddawar bana ta fi ƙarfin hanci.

Ta daina murmushi. "Ɗan nan, shekara arba'in ina daddawa," in ji ta. "Na san warin kayana. Wannan ba nawa ba ne."

Na ce wataƙila wani ɓeran ne ya mutu a rami. Ta ce wataƙila.

Sati na gaba kazarta ce. Tana da wata baƙar kaza mai kwanci a ƙarƙashin gadonta, a cikin tsohuwar ƙwarya. Ta same ta a kan ƙwanta a sanƙare, babu ciwo babu jini, kanta a cikin fiffike kamar mai barci. Kyanwar gidan kuma, wadda kullum tana bakin ƙofar Iya, ta ƙaura gidan maƙwabta ta ƙi dawowa. Iya ta ce min in ta daɗe a ɗakin tana gyara kaya kanta kan sara, ƙirjinta ya yi nauyi, amma da ta fito sai ya sake ta. Ta ɗora wa zafi da tsufa. Matan gidan suka fara ƙus-ƙus cewa ɗakin ba lafiya, ko mutanen ɓoye sun tare a ciki, har aka samo turare aka yi hayaƙi. Ni mai karatun boko na yi musu tsaki, na ce camfi ne. Ban yarda da aljanu ba, amma ban nemi wani dalilin ba, kuma wannan ya fi camfin muni. Ruwa dai ba ya tsami banza, na sani, na kuma koya wa yara a aji.

Ana cikin haka hadari ya fara leƙowa daga gabas. Kullum da yamma sai ya taso ya yi baƙi, a yi walƙiya can nesa, sannan iska ta watsa shi. Manoma sun gama sharar gona suna kallon sama. Sai a lokacin na tuna ban yi yaɓe ba, ban duba kwano ba. Na aika ƙauyen Yammedi aka kira min maginin da ya yi wa mahaifina aiki, dattijo ne mara yawan magana.

Ya zo da hantsi. Muka zaga gidan yana taɓa bango yana girgiza kai, ni ina bin sa kamar ɗalibin da bai yi aikin gida ba. Da muka shiga ɗakin Iya ya tsaya cak, ya shaƙi iska sau ɗaya, ya ɗaga kai ya dubi ɓular. Ya jingina tsaninsa ya hau ya leƙa cikin shagon. Ban taɓa ganin tsoho ya sauko daga tsani da irin wannan sauri ba. Ya kama hannun rigata ya ja ni har ƙofar gida, ya tofar da yawu, sannan ya tambaye ni wa ke kwana a ɗakin. Na ce tsohuwa ce, amma yanzu a waje take kwana.

"Malam, bom aka sa wa waken nan," ya ce. "Kuma sabo ne."

Ya yi min bayani, don ni alli na sani ban san hatsi ba. Wata ƙwayar magani ce 'yan hatsi ke kira da wannan suna. Ana ƙulle ta a tsumma a cusa tsakanin buhuna, a toshe ko'ina, ita kuma ta riƙa sakin wata iska mai kashe duk ƙwaron da ke wurin. Ya ce a sito ake sa ta, nesa da inda mutane ke kwana, don ba ta bambance ƙwaro da mutum. In sama ta yi laima ƙarfinta ƙaruwa yake. Alhaji ya toshe taga ya toshe ƙofa, hanya ɗaya ta rage wa iskar, ita ce ta saman bangona. Na tuna shekaranjiya an ce an ga Alhaji ya zo ya buɗe shagon, ya ɗan jima, ya sake liƙewa.

Maginin ya ce abin da ya ceci Iya zuwa yanzu shi ne zafi. Ranar da ruwa ya sauka ta shiga ta ja ƙofa, to sai dai wani ikon Allah. Ya ce in fasa kwaɗon yau a bar shagon ya sha iska, ko in ɗauke tsohuwar daga gidan, shi kuma ba zai sa ƙafa a ɗakin ba sai an yi haka. Ya ɗaura tsaninsa a keke ya tafi.

Na tsaya ina kallon kwaɗon nan. Gaskiya, ba Iya kaɗai nake tunani ba. Ina tunanin yadda labari zai isa Rogo cewa mijin 'yarsu ya fasa ƙofar mutumin da aka ba shi amana. Ina tunanin bakin matan gidan, in na furta kalmar guba, kafin azahar duk kasuwa ta ji cewa mutumin surukina ya zo kashe tsohuwa. Na kira wayar Alhaji, a kashe. Sai na yanke shawarar da na ga ta fi mutunci: in hau babur in je Rogo in karɓo makulli, in dawo kafin la'asar, a buɗe cikin rufin asiri, ba wanda ya ji kunya.

Kafin in tafi na je wurin Iya, tana tsince kalwa a faifai, matan gidan biyu na kusa da ita suna shirin tafiya biki. Na rage murya na ce kada ta shiga ɗakin yau, ko da ruwa ya zo, ta je gidana ta kwana. Ta ce saboda me. Na dubi matan, na dubi ƙasa. Na ce magini ya ce bangon tsakiya ba shi da lafiya, sai an gyara.

Ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce a gabanta aka ɗora kowane tubali na bangon nan, ita ta riƙa ba magina ruwa, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na ce dai ta yi min alkawari. Ta ce to, ta ji, in tafi kada rana ta yi min. Irin "to" ɗin da ake ce wa yaro ne don ya bar mutum ya huta, na kuma san haka tun a lokacin.

Na isa Rogo ana kiran azahar. Surukina yana zaure da baƙi, na tsuguna daga nesa, aka shiga gaisuwa: gida, yara, makaranta, zafi, mutanen Karaye ɗaya bayan ɗaya. Aka yi salla. Aka kawo tuwo, kuma ba a cewa suruki an ƙoshi. Baƙin nan suka zauna zancen iri da taki kamar ba za su tashi ba. Ta ƙofar zauren ina hango gabas, tana yin baƙi a hankali.

Sai bayan la'asar muka rage mu biyu. Na yi ta kewaye-kewaye, sannan na ce ina neman Alhaji ne, zan yi ɗan gyara a shago kafin ruwa. Ya ce Alhaji ya bi mota Kudu, sai jibi, makullin yana wurinsa. Ya ƙara da cewa kada a taɓa ƙofar nan yanzu, an sa magani, in iska ta shiga aikin ya lalace. Rabin waken ma nasa ne, in ji shi, abin da ya tara na shekara ke nan.

Na ce, "Baba, akwai wata tsohuwa a ɗakin da ke bayan shagon."

Ya ajiye carbinsa. A karon farko na ji idonsa a kaina. "Ai da bango a tsakani, ko?"

Ban taɓa ɗora wa mutumin nan laifi ba, don ya tambaya. Amsar tana bakina. Sai dai in na faɗe ta, na faɗa wa surukina cewa shekara tara ina karɓar haya a gidan ubana ban iya ƙarasa kamu guda na gini ba, kuma na ba mutuminsa ɗaki ban nuna masa ba.

Na ce, "Akwai bango, Baba."

Ya ce to madalla, ya ɗauki carbinsa.

Ban kai ga yin sallama ba iska ta taso, ta kwashi buta da tabarmi. Sai ruwa, kamar da bakin ƙwarya. Duk gidan ya ɗauki murna, mata na tara bokitai, ƙanshin ƙasa ya cika zauren, surukina yana ta hamdala yana cewa gobe sai shuka. Ni kaɗai ne a garin Rogo nake roƙon Allah ya tsayar da ruwan farko. Na leƙa waje, babu mai babur ko ɗaya, hanya ta zama rafi. Surukina ya ce babu inda za ni, a nan zan kwana.

Na fake da alwala na kira matata. Na ce ta je da kanta ta taho da Iya gidanmu, bangon ɗakinta ba shi da lafiya. Ita ma abin da na faɗa mata ke nan, don 'yar mai waken ce. Da ruwan ya ɗan tsagaita wajen magariba ta lulluɓa ta je. Ta kira ni ina zaune kusa da mahaifinta a kan tabarma ɗaya. Ta ce gidan ba kowa, 'yan biki ba su dawo ba, ta ƙwanƙwasa, Iya ta amsa daga ciki cewa ta riga ta kwanta, ta shafa bangon da hannunta ko ɗigo babu, a gaya wa ɗan nan ya kwantar da hankalinsa. Matata ta ce ta ji Iya ta rufe har taga saboda feshin ruwa.

Kalma ɗaya ce ta rage min in faɗa, kuma matata na tsaye a ƙofar ɗakin. Surukina yana gefena yana lazimi. Na ce a raina ai sati uku tana shaƙar abin nan ba ta mutu ba, kwana ɗaya ba zai yi komai ba, magina ma akwai su da zuzuta abu. Na ce wa matata, "To, shi ke nan." Na kashe wayar.

Da asuba na samu mai babur. Hanya duk taɓo, muna tafiya muna sauka muna turawa, gonaki cike da mutane ana shuka, kowa fuskarsa a sake. Sai da hantsi muka shiga Karaye. Tun daga kan kwana na hango takalman mata a ƙofar gidan, da yawa, ba a jere ba.

Maƙwabciya ce ta same ta. Ta saba jin tsintsiyar Iya tun da sassafe, ranar ba ta ji ba. Da aka ɓalle ƙofar an same ta a ƙasa, ta yi amai, ta ja jiki har kusa da bakin ƙofa hannunta bai kai sakata ba. An riga an tafi da ita asibiti. Na ɗauki taɓaryarta a tsakar gida na zagaya waje, na ce kowa ya ja baya, na daki kwaɗon Alhaji. Duka ɗaya ya buɗe.

A asibiti na faɗa wa likita komai, da sunan maganin, ban rage ko kalma ba. Na yi mamakin yadda maganar ta fito ba wuya. Ya dube ni, ya koma ciki da sauri. Da yamma aka bar ni na shiga. An sa mata ƙarin ruwa, numfashinta yana fita da ƙyar, leɓenta ya canza launi, amma ta gane ni. Na durƙusa a gefen gadon na gaya mata abin da ke cikin shagon, da lokacin da na sani, da abin da ya hana ni faɗa. Na ce ta yafe min.

Babu faɗa a muryarta, da ma da faɗa ta yi.

"Ai bango ka ce min, ɗan nan," ta ce. "Da guba ka ce, da a cikin ruwan zan kwana."

Daga nan ta ce ta yafe, ta kuma ce a duba mata kalwar da ta jiƙa kada ta lalace. Washegari kafin azahar ta cika, 'yarta tana hanya ba ta iso ba.

Mutane suka ce kwananta ne ya ƙare, kuma na yi imani da haka, babu mai wuce ranarsa. Amma na san ta hannun wa ranar ta biyo. Alhaji ya dawo ya zauna a ƙofar gidan yana kuka kamar ƙaramin yaro, yana rantsuwa bai san akwai mai kwana a baya ba, buhuna sun tare masa saman bangon tun ranar farko, kuma ba wanda ya gaya masa. Gaskiya ya faɗa. Surukina ya zo ta'aziyya ranar uku. Bayan addu'a ya ce a nuna masa ɗakin. Ya shiga shi kaɗai, ina daga bakin ƙofa, ya ɗaga kai ya dubi ɓular nan ya daɗe. Da ya fito ya tsaya a gabana ya ce, "Na tambaye ka, Malam." Bai ƙara ba, bai kuma sake tayar da maganar ba har yau. Kunyar da na guda ta same ni duk da haka, ta zo da gawa a kanta.

Shi ya sa nake tambaya. In wani mai ɗan gidan haya irina ya zo neman shawara, ba na ba shi da yawa. Nakan ce wanda babba ya turo maka shi ya fi cancanta ka tambaya, don shi ne bakinka zai yi nauyi a kansa. Ka shiga ɗakin tare da shi, ka nuna masa aibin ɗakin da yatsa, ka gaya masa wa ke kwana dama da hagu. Wurin ajiyar hatsi daban, wurin kwanan mutane daban. In ɓera ya mutu ba ka sa masa magani ba, kada ka yi murna. In kuma ka ga abin da zai cuci ɗan hayarka, ka kira abin da sunansa, da ƙarfi, ko wa ke wurin. Sandar mahaifina tana hannuna yanzu, kowace bazara ina bin bangon gidan da ita, ba na jiran hadari ya tuna min.

Bangon kuwa, bayan sadakar bakwai na sake aikawa Yammedi. Maginin ya zo da tsaninsa, bai yi min ta'aziyya da baki ba, ya dai riƙe hannuna ya ɗan jima. An riga an kwashe waken, ɗakunan sun sha iska. Ya kwaɓa ƙasa a tsakar gida, a inda Iya ke shimfiɗa tabarmarta, ni nake miƙa masa tubali. Ya fara da hantsi. Kafin a kira azahar ya sauko ya wanke hannunsa, ya tambaye ni ko akwai sauran aiki.